TAUSAYI BA YA HAWAR DA GURGU BENE

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, kuma da kaina zan fara, don masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya ji maganar nan ta taɓa shi to ya yi haƙuri, ni ma sai da ta taɓa ni kafin ta iso gare shi.

Kwanakin baya, bayan fitowar wani littafi nawa, wata yarinya ta turo min saƙo a waya. Na zaci irin wanda na saba samu ne, na "Anti yaushe na uku zai fito?" Ashe ba haka ba ne. Cewa ta yi: "Anti na karanta littafinki har ƙarshe kuma ya yi daɗi, amma ina da tambaya. Muguwar kishiyar nan da ta shiga malamai ta raba uwa da 'ya'yanta, daga ƙarshe kin sa ta yi haɗarin mota ta koma jan gindi, kika rubuta wai alhaki ne ya kama ta. To Anti, ni tun ina 'yar shekara biyu shan inna ta shanye min ƙafafu. Ni alhakin wa ya kama ni?"

Wallahi jama'a sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, har aka kira sallar magariba ban tura mata komai ba. Da dare na jawo kwalin littattafaina na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani bai yi min daɗi ba. Duk mugun da ke ciki, in bai haukace ba to ya makance, in bai makance ba to ɓarin jikinsa ya shanye yana dalalar da yawu. Ita kuwa tauraruwar labari kullum doguwa ce, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Ko sau ɗaya ban taɓa rubuta gurguwar da wani saurayi ya kasa barci a kanta ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce, 'yan'uwana marubuta kowa ta je ta duba nata kwalin, masu shirya fim su ma su duba nasu. Mun mayar da naƙasa bulalar da muke zane mugaye da ita, mun manta akwai masu karanta mu a zaune kan keken guragu.

Ina cikin wannan damuwa ƙanena da ke karatun lauya ya shigo, na nuna masa saƙon. Ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, da kin san labarin wata lauya a Amurka da kin sami amsar da za ki ba ta." Ya buɗo min rubuce-rubucenta a waya, muka yi kwanaki muna bi, ni da ɗan Turancina na sakandare, inda ya gagare ni ya fassara min. Sunanta Harriet McBryde Johnson.

An haife ta a 1957 da wata cuta mai cinye naman jiki sannu a hankali. Tunda take ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba. Ƙashin bayanta ya lanƙwashe, jikinta bai wuce na ƙaramar yarinya ba, wanka da sa kaya da sauka daga gado duk sai an yi mata, da keke mai lantarki take yawo. A haka ta yi karatu har ta gama digirin lauya a Jami'ar South Carolina a 1985, ta buɗe ofishinta a birnin Charleston, tana tsaya wa talakawa da naƙasassu waɗanda aka hana haƙƙinsu ko aka wulaƙanta a wurin aiki.

Na san yanzu wata ta ce: "Allah sarki, baiwar Allah!" To dakata Hajiya. Wannan "Allah sarki" ɗin naki shi ne abin da matar nan ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da shi.

Ta ba da labari cewa tun tana 'yar ƙarama, ba ta ma shiga makaranta ba, ta ga wata sanarwar neman taimako a talabijin, ana nuna yaro mai irin cutarta, ana nuna yadda zai lalace har ya mutu, don masu kallo su ji tausayi su ba da kuɗi. A nan yarinya ta fahimci cewa ita ma mutuwa za ta yi. Ta tashi da wannan a ranta, kullum tana zaton ba za ta ga baɗi ba. Baɗi ta zo, wata baɗin ta zo, har ta wayi gari ta zama babbar mace. Shi ya sa littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2005 ta sa masa suna mai ma'anar cewa lokacin mutuwar ƙuruciya ya riga ya wuce ta.

Masu wannan neman taimako kuwa ba ƙananan mutane ba ne. Wani shahararren ɗan wasan barkwanci, Jerry Lewis, shi ne a wancan lokaci yake jagorantar shirin duk shekara a farkon watan Satumba, a kwana a wuni ana tara miliyoyin daloli da sunan masu cutar. Kowa na sa masa albarka. Ita kuwa Harriet sai ta riƙa fita bakin titi a Charleston duk shekara da kekenta da takardunta, tana zanga-zangar ƙin shirin. Mutane suka yi ta zaginta, wai butulu ce, ana nema muku kuɗi kina ɓata wa mutane rai. Hujjarta ita ce, kuɗin da aka tara ta hanyar nuna ka a matsayin abin tausayi mai jiran kabari, da mutuncinka aka saye shi. Wanda ya yi maka kuka jiya a talabijin, yau in ka je neman aiki ofishinsa ba zai ɗauke ka ba, ai an riga an gaya masa kai gawa ne da ba a binne ba.

Ku gaya min, wannan ba shi ne halinmu ba? Mu ne fa muke miƙa wa gurgu naira hamsin ta tagar mota ran Juma'a, mu ji zuciyarmu fes. Amma bari gurgun nan ya zo da takardar digirinsa yana neman aiki, ko ya turo magabatansa neman auren 'yarmu, nan take za ka ga fuska ta canja. "Haba, duk mazan garin nan a rasa wanda za a ba ta sai musaki?" Hannun da yake a ƙasa muke so, in ya ɗago ya miƙo mana don mu gaisa a matsayin tsara, sai mu ji ya yi mana rashin kunya.

Babban abin da ya fito da sunan matar nan a duniya shi ne karonta da wani farfesa ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Peter Singer, wanda Jami'ar Princeton ta ɗauka aiki a 1999. Shi wannan malami ra'ayinsa, wanda ya rubuta a littattafansa ba a ɓoye ba, shi ne idan aka haifi jariri da naƙasa mai tsanani, ya kamata doka ta ba iyaye dama su sa likita ya kashe shi. Dalilinsa wai jariri bai san kansa ba tukuna, kuma rayuwar da ke jiran irin wannan yaro wahalarta ta fi daɗinta. Sun fara haɗuwa a 2001 da ya je Charleston yin lacca, ta tare shi da tambayoyi a gaban jama'a. A 2002 ya gayyace ta har Princeton, ta je ta zauna gaban ɗalibansa, ita da mutumin da ke cewa da an ba iyayenta dama su kashe ta tana jaririya da ba a yi laifi ba. A watan Fabrairun 2003 mujallar jaridar New York Times ta buga labarin da ta rubuta a kan wannan tafiya, da hotonta a bango.

Ba kuka ta je yi masa ba, ba kuma zagi ba. Magana ta lauya ta yi. Ta ce shi da masu ra'ayinsa sun ɗauka kawai cewa mai naƙasa ya fi kowa shan wahalar duniya, ba su tambayi masu naƙasar ba. Ita ga ta a gabansu, tana jin daɗin rayuwarta, tana da aikinta da danginta da ƙawayenta, tana jin daɗin zuga kekenta a titunan garinsu. Yawancin wahalar da take sha kuwa mutane ne suka ɗora mata, da matattakalar da suka gina, da ƙofar da suka ƙuntata, da kallon da suke mata. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu da ya tsaya min a rai, ta faɗi gaskiya cewa mutumin bai wulaƙanta ta ba. Ya karɓe ta da mutunci, har ma ana cikin cin abinci gwiwar hannunta ta zame ta kasa kai loma, shi ta roƙa ya gyara mata hannun, ya kuma gyara. Wato mai wannan mugun ra'ayi ba dodo ba ne mai ƙaho, mutum ne mai fara'a da ladabi. To nan ne tsoro ya kama ni, don na gane mu ma muna da irinsa a cikin gidajenmu, har a bakinmu.

E mana! Yanzu duk wanda ya karanta ra'ayin Singer zai ce a'uzubillahi, wannan ai kafirci ne, mu ba ma kashe 'ya'ya. To na ji. Amma wace ce a cikinmu ba ta taɓa zuwa dubiya gidan da ake da yaron da ba ya zama ba ya magana ba, ta fito tana cewa: "Ni dai da Allah zai ɗauki ransa ai da ya huta, uwar ma ta huta"? Wace ce ba ta taɓa jin an yi gaisuwar mutuwar irin wannan yaro ana cewa "ai sutura ce" ba? Mun taso muna jin ana kiran wasu 'yan ruwa, wai ba mutane ba ne. Muna da gidajen da ake kulle yaro a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo, kada a ce a dangin akwai musaki 'yan matan gidan su rasa miji. Shi Bature ya rubuta nasa a littafi ya sa hannu, mu kuwa muna faɗar namu a tsakar gida muna haɗawa da "Allah sarki". Ita Harriet ta ce a kan titi mutanen da ba ta sani ba sukan tare ta su ce da su ne a halinta da sun kashe kansu, kuma a ganinsu yabonta suke yi. Da irin wannan yabo ai gara zagi.

Na san abin da wasu za su ce, wai na rasa wadda zan kafa hujja da ita sai Baturiya, wadda ma da bakinta ta ce ba ta yi imani da Allah ba. Gaskiya ne, haka ta ce, kuma wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Amma kunyar ai tamu ce. Mu ne muke karanta Suratu Abasa tun muna makarantar allo, muka san a kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), wanda kuma aka sha bar wa jagorancin sallah a Madina in an yi tafiya. Can an ba makaho amanar jama'a, mu nan mun ba shi ƙoƙo da ɗan jagora. Ban ce a daina sadaka ba, kada a yi min ƙage. Cewa na yi sadaka daban haƙƙi daban. Sadaka in ka ga dama ka bayar, haƙƙi kuwa bashi ne a wuyanka, ko ranka na so ko ba ya so.

Su can ma ba a kan faranti aka miƙo musu ba. A watan Maris na 1990 naƙasassu suka taru a birnin Washington, wasunsu suka sauka daga kekunansu suka riƙa jan jiki suna hawa matattakalar ginin majalisar dokoki, har da yarinya 'yar shekara 8, duniya na kallo. A watan Yuli na shekarar Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ita kanta Harriet ba ta tsaya a kotu kaɗai ba, ta shiga siyasa tsundum. A 1994 ta tsaya takarar kujerar majalisar yankinsu, ta faɗi, ba ta yi zuciya ba, a 1996 ta je babban taron jam'iyyarsu ta Democrat a Chicago a matsayin wakiliya. Ta gane cewa in ba ka cikin ɗakin da ake yanke magana, to a kanka za a yanke ta.

Mu fa? Kada wani ya ce ba mu da doka, muna da ita. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce wanda ya nuna bambancin, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan 1. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Dokar zaɓe ta 2022 ita ma ta yi maganar a tanadi abin da zai taimaki makaho da kurma a rumfar zaɓe. Duk yana nan a takarda, gwanin kyau. Har suna ma an canja musu, yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa. To madalla da suna, amma don Allah mai karatu gobe in ka fita ka ƙirga da idonka: asibiti nawa, banki nawa, makaranta nawa, masallaci nawa mai keke zai shiga shi kaɗai ba tare da an cicciɓe shi ba?

Ni na gani da idona. Wata 'yar'uwar mahaifiyata da ɓarin jikinta ya shanye, 'yan uba suka so cinye mata gadon gida, muka raka ta wata kotu. Ashe ɗakin shari'ar a saman bene yake. Haka wasu samari biyu da ba muharramanta ba suka ɗauke ta kamar buhun gero, zaninta na kwancewa, ni ina bin su ina ja mata mayafi, mutane sun yi cirko-cirko suna kallo suna "Allah sarki". Dattijuwa mai jikoki! Da muka isa sama aka ce an ɗaga shari'ar sai wani watan. A mota ta ce min: "Ke 'yar nan, ku bar musu gidan, ba zan sake hawa benen nan a hannun maza ba." Sai da muka yi da gaske ta koma. Yanzu da ta bar musu, sai a ce ita ta janye ƙara, alhali matattakala ce ta yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba. Duk masu "Allah sarki" ɗin nan da ke tsaye, tausayinsu bai hawar da ita ko taki ɗaya ba.

'Yan siyasa kuwa ba a magana. In zaɓe ya matso sai a jera kekunan guragu a fili, a liƙa wa kowanne hoton mai girma, a kira 'yan jarida, a sa bayin Allah su wuni a rana suna tafi. Ranar zaɓe kuma akwatin na can tsallaken kwata. Ƙuri'ar gurgu da ta gwamna ai ɗaya suke a lissafi, in dai dimokuraɗiyyar da ake faɗa mana gaskiya ce. To me ya hana jam'iyya ta ba shi takara maimakon keke? Kuma kada mu manta da yawan waɗannan matasa sakacinmu ne ya zaunar da su. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano, sai a 2004 aka ci gaba, cutar ta sami sarari ta yi ɓarna. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da asalin ƙwayar cutar a Afirka. Yaran da ta shanye a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, ga su nan a kan titunanmu, wasu suna walda suna ƙera wa 'yan'uwansu kekuna, wasu suna jami'a. Bashi suke bin mu, mu kuwa muna ba su canjin da ya rage a jaka.

Harriet ta rasu a watan Yunin 2008 tana da shekara 50. A ƙarshen shekarar, shi dai wannan Singer shi ya rubuta ta'aziyyarta a mujallar da ta buga labarinsu. Abin da ta fahimta tun tana yarinya, wanda mu masu ƙafafu muke gudun fahimta, shi ne mutuwa ba tata ce ita kaɗai ba, ta kowa ce. Lafiyar nan da muke taƙama da ita aro ce. Hawan jini ɗaya, haɗarin babur ɗaya, ciwon suga ya ci ƙafa, ko tsufa kawai in Allah ya ja kwana, shi ke nan ka koma layin da kake yi wa "Allah sarki". Wanda ya gina bene babu hanyar keke, kansa ya gina wa, bai dai sani ba tukuna.

Daga ƙarshe na ba yarinyar nan amsa. Na ce mata: "Ƙanwata, alhakin kowa bai kama ki ba, ni ce alhakinki ya kama, ki yafe min." Na kuma yi mata alƙawari, ga shi ina maimaitawa a gabanku don ku zama shaida. Na daina karya wa mugaye ƙafa a littafina, in hukunci nake so akwai kotu akwai gidan yari, akwai kuma ranar gobe. Littafina mai zuwa tauraruwarsa gurguwa ce, lauya, mai tsiwa, za ta so a so ta, za ta yi kishi ta yi kuskure kamar kowace mace. Kuma kada wanda ya jira shafin ƙarshe ya ga wani Alhaji ya fitar da ita Jamus an yi mata aiki ta miƙe. A kan kekenta za a kai ta ɗakin miji. 'Yan kasuwa sun riga sun ce min ba zai sayu ba, na ce mu zuba mu gani.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu tun muna da ƙafar zuwa mu biya, ya sa mu cika da kyau da imani, amin. Wadda ta ga na yi kuskure ƙofata a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.